Daga Ciwon Baya Zuwa Tramol: Labarin Golan Liverpool da 'Yan Ƙwallon Unguwarmu

(Taken shiri)

Ina gaida mutanen cikin badala, daga Ƙofar Mata har Ƙofar Na'isa, daga Yakasai har gindin Dala, da duk wanda muryata ta iske a wajen gari. Yau zancen 'yan wasa za mu yi da ƙwaya. Iyayenmu mata, don Allah kada ku ce hirar 'yan ƙwallo ce ku murɗa zuwa wata tasha. Ku ɗan ba ni aron kunne, domin rabin maganar nan taku ce.

Duk ɗan Liverpool da ya kwana biyu a gidan kallo ya san daren Santambul na 2005. AC Milan ta zura uku kafin hutun rabin lokaci, Liverpool ta dawo ta farke su tas, aka je bugun fanareti, gola Dudek ya yi ta rangaji a kan layi har suka ɗaga kofin Zakarun Turai. Wannan kam kowa ya riƙe. To amma kafin a kai can sai da aka tsallake rukuni, kuma a watan Disamba na 2004 saura ƙiris Olympiacos ta ƙasar Girka ta yi waje da su a filinsu na Anfield, ranar da Gerrard ya narka ƙwallo ta uku ana dab da tashi. Wa ya tsare musu raga ran nan? Wani dogon saurayi ne ɗan Ingila, sunansa Chris Kirkland.

A 1981 aka haife shi. A Coventry ya fara fice, kuma a 2001, yana ɗan shekara 20, Liverpool ta saye shi a kan fam miliyan 6. Masana ƙwallo sun gama yanke cewa shi ne zai gaji ragar Ingila. Sai jiki ya ƙi. Yau yatsa, gobe wuyan hannu, jibi ƙafa, sannan ga babban, wato ciwon baya da ya samo tun yana Liverpool, wanda bai sake rabuwa da shi ba. Ranar Santambul yana jinya, ko benci bai hau ba. Ingila kuwa sau ɗaya tak ya sa rigarta, a watan Agusta na 2006, a wasan sada zumunta da Girka. Daga nan ya yi shekaru a Wigan yana kama ƙwallo a gasar Firimiya, a 2012 kuma ya koma Sheffield Wednesday.

A nan ne labarinmu ya soma, kuma duk abin da zan faɗa muku shi ya fitar da shi da bakinsa, a hirarrakin da ya yi da jaridun Ingila a watan Yuli na 2022.

An riga an yi masa tambari: gola ne mai kyau, amma ba ya ƙare kaka lafiya. Saboda haka a kwantiraginsa na Sheffield aka sa sharaɗi, in ciwon baya ya hana shi buga wasa 3, kulob na iya sallamarsa. Ana saura kwana biyu a buɗe kakar wasa baya ya riƙe. Ku sa kanku a matsayinsa. In ya je ya gaya wa koci, za a ce ai dama mun faɗa. In ya zauna a benci, abincinsa na rawa. Ga iyali, ga doguwar tafiya kullum da asuba daga gidansa zuwa wurin atisaye, ga kewar 'yarsa da ba ya samun gani yadda yake so. Sai ya nemi maganin kashe ciwo, ya sami tramadol, wadda mu a nan muke ce wa tramol. Ya haɗiya, baya ya saki, ya buga wasa lafiya lau. Ya kuma lura da wani abu: ban da ciwon, har fargabar da ke cin zuciyarsa ta lafa.

Mutumin nan bai taɓa zama a daba ba. Ba a gidan rawa ya koya ba, ba kuma abokan banza ne suka ja shi ba. Magidanci ne mai son aikinsa, yana tsoron kada ya rasa gurbi. Ina so mu riƙe wannan da kyau, domin mu a garin nan da an ce ɗan ƙwaya, hoton da ke zo mana shi ne na yaro mai jajayen idanu a bakin kududdufi da wuƙa a ƙugu. Akwai irinsa, ba na musu. Amma akwai wani kason mai yawa da ta ƙofar ciwo da gajiya suka shiga, kuma 'yan wasa suna sahun gaba a cikinsu.

Mece ce tramol ɗin? Magani ne na gaske, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1977. Likita kan ba da shi bayan tiyata, ko karaya, ko wani ciwo mai tsanani, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu. Danginsa su ne mofin da kodin da hiroyin, wuri guda suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta shi, yana kuma taɓa sinadaran da ke da alaƙa da walwala da kuzari, shi ya sa wanda ya sha kan ji zuciyarsa ta yi wasai, jikinsa kamar ba a taɓa wahalar da shi ba. Wannan ne ya sa ya karɓu wurin ɗan dako da mai tura baro da ɗan adaidaita, da lebura a wurin gini, da manomi a lokacin huɗa. Wannan ne kuma ya sa ya karɓu wurin ɗan ƙwallo.

Sai dai jiki yana sabawa da shi da wuri. Ƙwayar da ta yi maka aiki a watan jiya, a wannan watan sai ka haɗa biyu. Can gaba kuma ba don ka ji daɗi kake sha ba, sai don kada ka ji azaba: in ba ka sha ba gaɓoɓi su yi ta tsuku, gumi ya karyo, hamma da majina da hawaye, ciki ya ɓaci, barci ya ƙaurace, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. A wannan gaɓar mutum ya riga ya kamu.

Yanzu ku ji lissafi. Iyakar abin da likitoci suka yarda babban mutum ya sha a yini guda shi ne miligiram 400. Kirkland ya ce shi ya kai yana shan 2,500 a rana, ninki shida da ɗoriya. Hukumar NAFDAC kuwa mai ƙarfin 50 da mai ƙarfin 100 kaɗai ta amince a shigo da su Najeriya. Amma wadda ake fasa-ƙwaurinta, wadda jami'an NDLEA da na kwastan ke kamawa kwantena-kwantena, akwai mai 120, akwai mai 200, akwai mai 225, har da mai 250. Ke nan yaron da ya watsa 225 guda biyu da ruwan leda kafin a take wasa ya riga ya haura iyakar da aka yanka wa ƙaton mutum na yini cur, a haɗiya ɗaya. In ta yi yawa a jiki tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mutum ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa. Sau nawa aka ce iska ce ta buge yaro, aka yi ta hayaƙi da turare, alhali katin ƙwaya na aljihunsa? In kuma aka haɗa ta da roci, ko kodin, ko giya, numfashi ne ke raguwa a hankali cikin barci, wani ba ya farkawa.

Ga ɗan wasa akwai ƙarin illa. Ciwo saƙo ne jiki ke aiko maka cewa wani wuri ya lalace, ka dakata. Wanda ya danne shi da ƙwaya ya koma fili, tamkar direba ne da ya ji injin mota na ƙara sai ya ƙure sautin rediyo ya ci gaba da gudu. Targaɗen da hutun mako biyu zai warkar sai ya zama tsinkewar jijiya. Tsagewar ƙashi ta zama karaya. Gwiwar da za ta yi shekara goma tana aiki ta ƙare a kaka biyu.

Mu dawo gida. Duk mai wucewa ta filayen unguwa da sassafe ko bayan la'asar ya san yawan samarin da ke buga ƙwallo a garin nan. Kowanne da burinsa. Wani yana hango kansa da rigar Pillars a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, ana ta Sai Masu Gida. Wani kuma ya wuce nan, Ahmed Musa yake kallo, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Pillars, a 2010 ya tsallaka Turai. Buri ne mai kyau, ba na rage musu shi. Amma ku je irin filayen nan bayan an tashi daga wasan gasa, ku zagaya bayan raga inda 'yan wasa ke tuɓe kaya. Cikin ƙura za ku ga ledojin ruwa da aka tsotse aka yar, da guntun bandeji, da ɓawon lemo. Ku ƙara dubawa da kyau, a wasu filayen za ku tsinci ɗan katin nan mai ƙyalli, an ɓalle ƙwayoyinsa, ramukan sun lotsa. Wanda ya sha bai yi kama da mashayi ba. Shi ne ma ya fi kowa gudu a fili ran nan, shi aka yi ta yi wa tafi.

Me ya kai shi? Abin da ya kai Kirkland. An ce gobe mai ɗaukar 'yan wasa zai zo kallo, ko ejan ya ce akwai gwaji a Legas ko Abuja ranar Asabar, ga idon sawu a kumbure. Kulob ɗin unguwa ba shi da likita, ba shi da mai gashi, kuɗin rigar ma karo-karo aka yi. Kirkland yana da likitocin kulob da asibitoci na gani na faɗa, duk da haka ya faɗa. Ina ga yaronmu da abin da ke tsakaninsa da ƙwaya shi ne naira 'yan ɗari da abokin da zai ce masa, kai dai sha ɗaya ka gani?

Haka abin yake a dambe. Ɗan dambe kan sauka daga fage da hannu a kumbure da haƙarƙari na zogi, gobe kuma an sa masa zare da wani, in bai fito ba babu na abinci, ga makaɗi zai wasa abokin karawa. Damben da muka gada ya san laya da tsaga da saiwa, ya san wankan magani. Bai san katin ƙwaya daga Indiya ba, kuma bai kamata a bari ta samu wurin zama a cikinsa ba.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. A cikinsu miliyan 4.6 irin su tramol da kodin suke sha ba da umarnin likita ba. Jihar Kano kashi 16 cikin ɗari aka samu, mutum sama da miliyan ɗaya. A shekarar ce kuma BBC ta fitar da rahoton nan na bidiyo a kan kodin, wanda ya nuna matasanmu a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, kwana ɗaya tsakani gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. An yi ƙoƙari daga baya, har dillalan magani na Sabon Gari aka tasa zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya a 2024 don a riƙa sa ido. Amma masu wannan fatauci ba sa barci. Da Indiya ta tsaurara doka a kan tramol a 2018, sai aka koma haɗa wata ƙwayar mai suna tapentadol da wani maganin sakin jijiya, ana turo mana da sababbin sunaye a sababbin kwalaye, har sai da wani binciken BBC ya sake bankaɗo su a 2025.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna kan labarin gola Chris Kirkland da tramol.

Abin da ya fi ba ni tausayi a labarinsa shi ne tsawon shekarun da ya yi yana ɓoyo. Kusan shekara 10. Yana zuwa atisaye, yana dariya da abokan wasa, yana komawa gida wurin iyali, ƙwayar tana ɓoye inda ba mai gani. A 2016, bayan ya koma wani ƙaramin kulob mai suna Bury, sun tafi sansanin share fage a Fotugal, abin ya kai shi maƙura har ya yi tunanin halaka kansa. Allah Ya sa a daren ya ɗauki waya ya kira matarsa ya ce mata yana buƙatar taimako. Ya dawo gida, ya ajiye ƙwallo.

Bayan haka ya fito duniya ya ce yana fama da ciwon damuwa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Zancen ƙwaya ya bar shi a ciki, domin damuwa ana tausaya wa mai ita, ƙwaya kuwa ana ƙyamar mai ita. Mu ma haka muke yi. Uwa za ta ce ɗana ba shi da lafiya, ko an yi masa sammu, ko aljanu ne, komai za ta iya faɗa ban da sunan abin. Ban ga laifinta ba, tana tunanin ranar da za a je nema masa aure, tana tunanin bakin maƙwabta. Sai dai abin da aka rufe ba ya samun magani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A 2019, bayan ya ɗan daina sha, ya koma ruwa, wannan karon ya shiga cibiyar jinya ta Parkland Place da ke arewacin yankin Wales. Ya fito garau. Sai ga kullen korona a 2020, ba fita, ba aiki, ba jama'a, ya sake komawa. A lokacin kuma ta intanet yake saye, ana aiko masa a ƙunshi ta gidan waya. A farkon 2022 ya sha wasu da ya saya ta wannan hanya, waɗanda ko shi bai san me aka zuba a ciki ba. Yana waje hankalinsa ya gushe, ya rasa ko shi wane ne, ya rasa hanyar gidansa. Na'urar nuna hanya ta cikin mota ce ta kai shi gida, don dama adireshin na ciki. Ya yi ta amai, ya yi wani dogon barci, da ya farka ya tattara sauran ya zuba a masai.

Kwanakin da suka biyo baya ya ce ba ya fatan ko maƙiyinsa ya gan su. Rawar sanyi, gumi, murɗawar jiki, gane-gane. Matarsa ba ta runtsa ba, cikin dare takan tashi ta duba ko yana numfashi.

A nan zan ja kunne. Kada wani ya ji wannan ya ce shi ma yau zai watsar gaba ɗaya a ɗaka. Wanda jikinsa ya saba da mai yawa, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin hatsari, kuma azabar ce kan mayar da mafi yawa kafin mako ya zagayo. Likitoci suna da tsarin ragewa sannu a hankali, da magungunan da ke sassauta wahalar. Wannan aikin asibiti ne.

To me ya bambanta wannan karon da na baya? Ya daina riƙe sirrin shi kaɗai. Ya gaya wa duniya duka, har da sunan ƙwayar da adadin da yake sha. Ya ba matarsa dama ta yi masa gwajin ƙwaya a gida duk lokacin da ta ga dama, ba sai ta sanar da shi ba. Ma'aikacin gidan waya ma an gaya masa kada ya sake miƙa masa ƙunshi a hannu. Ku dubi wannan: mutumin da dubban jama'a suka sha yi wa tafi a Anfield ya yarda a riƙa bincikarsa a cikin gidansa. Ni a wurina wannan ya fi duk ƙwallon da ya taɓa kamawa wuya. Ya gane cewa alƙawarin da mutum ya yi wa kansa a ɓoye, a ɓoye yake karya shi. Yanzu yana yawo yana yi wa 'yan wasa da sauran jama'a bayani a kan abin da ya same shi.

Iyayena mata, ga inda maganar ta zo kanku. A gidajenmu ku ne kuke fara gani. Ku ne kuke lura yaro ya rage cin abinci, yana yawan soshe-soshe, barcinsa ya birkice, da safe yana hamma da majina kamar mai mura amma da ya fita ya dawo sai ya warware. Ku ne kuke ganin fushin da babu dalili, da canjin da ke ɓacewa a ƙarƙashin filo. Ran da kuka tabbatar, abin da za ku fara yi shi ne zai nuna inda za a dosa. In aka tara masa 'yan'uwa aka yi masa tsinuwa da gori, an koya masa ya ƙara iya ɓoyo ne kawai. In aka kore shi daga gida, akwai masu jiransa a kango, su kuma ba za su kore shi ba. Ku zaunar da shi, ku da mahaifinsa ko wani kawu da yake jin nauyi, ku tambaye shi yaushe ya fara, me ya sa, nawa yake sha. Addu'a kuwa kada a fasa, a haɗa ta da neman magani kamar yadda addini ya koyar da mu a kan kowace cuta.

Kuma don Allah a bar zancen mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300 a gida guda, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, aka kuma sake ganin irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rasa mafita ce. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa, ba ta taɓa abin da ƙwaya ta sauya a ƙwaƙwalwa, ba ta kuma warkar da ciwon da ya sa aka fara sha.

In kuma yaro ya yi wata shida lafiya sannan ya zame, kada a ce shi ke nan, ba ya jin magani. Kirkland sau biyu yana komawa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Komawa tana cikin halin wannan cuta, abin yi shi ne a mayar da shi wurin likita da wuri, a duba me ya ja shi.

Ana warkewa kuwa, har a koma a yi abin da ya fi na da. 'Yan Arsenal sun san Tony Adams, kyaftin ɗin da Kanu ya tarar a 1999. Shi giya ce ta kama shi, har gidan yari ya shiga a 1990 saboda tuƙi cikin maye. A 1996 ya fito ya amsa cewa ya kamu, ya nemi taimako, ya daina. Bayan nan ne ya jagoranci Arsenal ta haɗa kofin Firimiya da na FA a 1998, ta sake haɗawa a 2002. A shekarar 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance don jinyar 'yan wasa masu irin matsalarsa, tana nan tana aiki har yau. Dele Alli ma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya fito a 2023 ya ce maganin barci ne ya kama shi, ya yi mako 6 a wata cibiyar jinya a Amurka. Shi ma daga magani abin ya faro.

Malam koci, saura kai. Yaran nan sun fi jin maganarka a kan ta kowa, wani ma ya fi tsoron ɓacin ranka a kan na mahaifinsa. In ka ga yaro na ɗingishi ranar Alhamis, ranar Asabar kuma ya zo yana tsalle kamar ba shi ba, ka tambaya. In ya ji ciwo, ka zaunar da shi, ka kuma tabbatar masa a gaban 'yan'uwansa cewa gurbinsa na nan yana jiransa. Tsoron rasa gurbi shi ne ya tura golan Liverpool, shi ne kuma yake tura na unguwa. Kofin gasar unguwa bai kai gwiwar yaro ɗaya daraja ba.

Kai kuma ƙanena mai burin fita waje, ga abin da ya kamata ka sani. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tramol tun 2019, kuma a kanta aka soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya, wanda ya zo na 6 a babban tseren Faransa na 2022. Daga ranar 1 ga Janairu, 2024, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta sa tramol cikin jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa, a kowane irin wasa, har da ƙwallon ƙafa. Kulob ɗin Turai ba ya sa hannu da kai sai likitocinsa sun duba ka ciki da bai, in ka fara wasa kuma kowace rana ana iya kiranka gwajin fitsari. Abin da ka sha don ka burge ejan zai iya zama shi ne zai dawo da kai gida.

In ciwo ne ke damunka, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da kai, akwai masu gashi da motsa gaɓoɓi a can da Asibitin Murtala. In kuma ka riga ka kamu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da jinya, da layin waya na kyauta da ake kira dare da rana ba tare da an nemi sanin ko kai wane ne ba. Ku ɗauko biro: 0800 1020 3040. Zan maimaita: 0800 1020 3040. In ka je wurin likita, ka tafi da katin abin da kake sha, ka faɗi adadin na gaskiya, domin da shi zai tsara maka yadda za a rage. In kuma ka ga wani ya faɗi yana jijjiga, ko ya yi barcin da aka kasa tashinsa yana numfashi da ƙyar, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

  

(Taken shiri)